Zanen Alli a Shagon Malam Yisa

Da ƙarfe tara na safiyar Alhamis Rukayat ta gane an yi mata musaya. Ta ɗaura haƙorin farko a injin sassaƙa ƙarfe na shagon Malam Yisa da ke Bosso, ko minti huɗu bai yi ba rufinsa ya ɓare kamar fentin tsohon kwano. Na biyu ma haka. Ta kashe injin, ta tari keke sai ofishin 'yan sanda.

Sajan Irimiya aka haɗa ta da shi, mutumin da kujera ba ta riƙe shi minti biyar. Yana zagaye shagon, tana bin sa da bayani. Ɗaliba ce a jami'ar da ke Gidan Kwano. Haƙoran nan 'yan ƙananan ƙarafa ne masu kusurwa uku, da su inji ke yankan ƙarfe. Nata goma sha biyu ne, wata takwas ta yi tana jiran a yi musu rufi a ƙasar waje. Ranar Litinin za ta kare aikinta na shekara biyu gaban malamai, ga shi babu abin gwadawa.

Irimiya ya juya ɗaya daga cikin na musayar a tafinsa. "Wannan ma ai ruwan zinare ne. Ina bambancin?"

"Launin ne ɗaya, Yallaɓai. Na kasuwa rufi ɗaya gare shi, tsaga na shiga sai ta zarce har ƙasa, ya ɓare. Nawa rufi sittin ne siri-siri, mai tauri bisa mai ɗan laushi. Tsaga na isa iyakar rufi sai ta kauce gefe ta mutu. Shekaranjiya da safe na duba su da gilashin ƙara girma, lafiya lau."

Mutum uku suka san inda take ajiye akwatin. Malam Yisa tun Litinin yana Bida wajen ta'aziyya, jiya da la'asar ya dawo, direbansa ya shaida. Wisdom, abokin karatunta, shi Irimiya ya fi sa wa ido, don kullum musu yake cewa rufi ɗaya mai kauri ya fi.

"Oga, faɗanmu na takarda ne," in ji Wisdom a waya. "Tun Juma'a ban taka Bosso ba, typhoid ta kwantar da ni." Katin asibitin da ya turo ya wanke shi.

Saura Abdulwasiu, dattijon ma'aikacin shagon, shekararsa ashirin a bakin inji. "Ni ba ya taɓa kayan yarinya, Oga," ya ce, bai ɗago ba. A gefensa ga sandar injin casar shinkafa na manoman Garatu, sumul, tana sheƙi.

"Gwani ne," in ji Malam Yisa cikin alfahari. "Sati guda ƙarfen nan na cinye mana haƙora, sai ga shi ya gama a kwana biyu."

Ran Irimiya bai kwanta ba. Ya je ƙofa ya dawo, ya sake zuwa, sannan ya tsaya cak gaban bangon bayan injin Abdulwasiu. Zane-zanen alli ne jere, kowace rana da layinta.

"Wannan fa?"

"Al'adar shagon nan ce," in ji Yisa. "Duk kusurwar da ta mutu, sai a ja zane a rubuta lokaci."

Litinin zane tara. Talata ɗaya. Laraba ɗaya.

"Malam Abdulwasiu," in ji Irimiya, "kwance mini haƙorin da ke kan injinka."

Dattijon ya kwance shi. Rukayat ta ɗora gilashinta. Kusurwar ba ta ɓare ba, ta ci ne a hankali, kuma a wurin da ta ci ga 'yan layuka a jere kamar an yanka albasa.

"Ƙarfe ɗaya, inji ɗaya, hannu ɗaya," in ji Irimiya. "Daga tara zuwa ɗaya, haƙori ne ya canja. Ka iya musaya, amma hannunka bai iya yi wa bango ƙarya ba."

Abdulwasiu ya ciro sauran haƙoranta daga aljihu, a ƙulle cikin tsumma. Tsofaffin na kasuwa da suka kusa mutuwa ya zuba mata a akwatin. Mutanen Garatu sun dame shi, shinkafa na jibge, ya zaci duk zinare ɗaya ne gun 'yar boko. Irimiya ya ji tausayinsa, amma ya kama hannunsa.

Rukayat kuwa bango take kallo. Awa bakwai kusurwa ɗaya, a ƙarfen da ke kashe na kasuwa cikin minti hamsin. Gwajin da ita ba ta da irin wannan ƙarfen da za ta yi shi, ɓarawonta ya yi mata, har da lokaci a rubuce.

"Yallaɓai, dakata," ta ce, tana lalubar biro. "Kada kowa ya goge bangon nan. Baba, zauna. Gudu nawa ka sa wa injin ranar Talata?"