Fasfon Shehroz Gondal

Insfekta Nasrullah Tarar bai kai ga kurɓar shayinsa ba aka kira shi a waya. An tsinci Baba Allah Ditta, maigadin wani filin kurket a Multan, kwance a gindin matakala, kansa a fashe.

Ko da ya isa an riga an kwashi tsohon zuwa asibiti. Bokitin farar ƙasar da yake ja wa fili layi da ita ya kife, ta malale a kan matakalar.

A ɗakin canza kaya da ke saman matakalar ya tarar da ɗan wasa Shehroz Gondal zaune ya haɗa kai da gwiwa. Duk garin an san shi. Ya yi shekara da shekaru yana tara maki a gasar cikin gida ana tsallake sunansa, sai bana aka kira shi tawagar ƙasa. Da yammacin nan jirginsu zai tashi zuwa Ostireliya. Yayansa Tauqir na tsaye a kansa, manajan tawagar kuma na ta kai-komo da waya a kunne.

"An ce an yi sata a nan. Me aka ɗauka?"

"Fasfo ɗina, yallaɓai," in ji Shehroz. "Yana cikin jakar nan."

Insfekta ya buɗe jakar. Ga sandunan bugun ƙwallo masu tsada, ga agogo, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ya duba kwaɗon ƙofa, lafiyarsa ƙalau. Wannan ba ɓarawon titi ba ne.

"Idan bai tafi ba, wa zai maye gurbinsa?"

"Junaid Khichi," Tauqir ya yi caraf ya amsa. "Shi za ku kama."

An samu Junaid a rumfar atisaye, gumi na zuba duk da sanyin safiyar.

"Ina kake bayan sallar asuba?"

"A gida, ina barci."

"Mai shayin bakin ƙofa ya ce kai ne farkon wanda ya sayi shayinsa."

Junaid ya sunkuyar da kai. "To, na zo. Atisaye na zo yi ni kaɗai, kada a ce ina jiran wani ya faɗi. Wallahi ban hau sama ba."

"Amma kana jiran."

"Kowa na jira, yallaɓai. Tun da ƙwallo ta sami Shehroz a kai a wasan ƙarshe na bara, ka ga ya taɓa wadda ta zo masa ta hagu? Mu da muke jefa masa ƙwallo mun sani. Masu zaɓe maki kawai suke gani."

Insfekta ya tuna wasan. Shi ma yana cikin masu tafa wa yaron nan a gaban talabijin.

Ya sayi lemon zaƙi a bakin ƙofa ya koma sama. Ya raɓa ta hagun Shehroz, ya ce, "Ungo, jiƙa maƙoshi," ya cilla masa a hankali.

Lemon ya bugi kafaɗarsa ya gangara ƙasa. Sai da ya ji bugun sannan ya waiwayo.

Tauqir ya kawar da kai.

"Hankalina ba ya jikina ne," in ji Shehroz da sauri.

"Haka ne. Wa ke da makullin ɗakin nan?"

"Baba Ditta, sai ni. Nawa yana wajen Yaya, shi ke ɗaukar mini kaya."

Insfekta ya juya ga Tauqir. "Kai fa, ina kake da asuba?"

"Masallacin unguwarmu. Daga can sai gida."

"Da waɗannan takalman?"

"Da su."

"Ba a yi ruwa ba, amma a jiƙe suke. Cire mini na dama."

Tauqir ya tsaya kamar an dasa shi. Wani kurtun ɗan sanda ya duƙa ya zare takalmin ya miƙa. An wanke shi tas, sai dai a cikin ɗinkin tafin farar ƙasa ta maƙale.

"Yaya?" in ji Shehroz.

Tauqir bai dube shi ba. Sai ya dubi manajan, ya ɗaga murya yadda har na waje za su ji.

"Ni na ɗauka. Yana ƙarƙashin kujerar babur ɗina. Baba Ditta ya tare ni a matakala, na ture shi, ban yi nufin ya faɗi ba. Ranka ya daɗe, ƙanena ba ya gani sosai da idon hagu. Ni nake jefa masa ƙwallo tun yana ɗan mitsitsi, na sani kafin shi ya yarda."

"Yi shiru, Yaya!"

"Na roƙe shi ya je asibiti, ya ƙi. Ya ce ya jira kiran nan har furfura ta fara fito masa. A Ostireliya masu jefa ƙwallo kan mutum suke nema. Ɗan'uwana za a dawo mini da shi a akwati?"

Manajan ya sauke wayar daga kunnensa a hankali. Ya dubi Shehroz ya daɗe, sannan ya danna wata lamba. "Ba ni likitan tawaga," ya ce. "Kuma a gaya wa Junaid ya haɗa kayansa."

Aka kawo fasfon. Insfekta ya miƙa wa Shehroz, ya ƙi karɓa, sai ya ajiye masa a kan benci.

Da aka sa wa Tauqir ankwa ya tambaya, "Baba Ditta fa?"

"Bai farfaɗo ba," in ji Insfekta. "Ka yi addu'a ya tashi, don kanka da don shi."

Suna sauka Shehroz ya biyo su har bakin matakala, hawaye na zuba.

"Ka kashe ni, Yaya."

Tauqir ya tsaya, kurtu na riƙe da damtsensa.

"Gara in ji ka faɗa da bakinka kana raye," ya ce, ya shiga motar 'yan sanda.