Wanda Ya Riƙe Tsani a Karewa

Duhun magariba ya fara sauka lokacin da Hamajoɗa ya jingina tsani a bangon boskwata, wato ɗakin bayan gidan Madam Zipporah da ke unguwar Karewa. Intanet ɗin babban gida ba ya kaiwa can baya, shi ne ta kira shi ya kafa na'urar da za ta ja sabis zuwa ɗakin, don tana so ta sa ɗan haya.

Yana can sama yana ɗaure waya, sai tsanin ya zame. Kafin ya yi salati, wani ya tare shi daga ƙasa.

"Na gode, ɗan'uwa," in ji Hamajoɗa, ko waiwaye bai yi ba.

"Oga, sabis ɗin zai kai har bakin kogi?" Muryar a shaƙe take, kamar mai magana da ruwa a baki. "Kullum ina kiran Mama, ba ya shiga."

Warin laka ya taso masa. Ƙarfen tsanin ya yi sanyi ƙalau a hannunsa.

Sai ga Madam ta ɓullo da tocila. "Kai da wa kake magana? Tun da kogin Binuwai ya tafi da ɗana Ephraim, ba wanda ke zuwa nan."

Ta haska gindin tsanin. Ba kowa. Ruwa ne kawai ke ɗiga daga matakalarsa, ƙafar tsanin ɗaya a iska, amma ya ƙi faɗuwa.

Fitilar na'urar ta kawo kore. Wayar Madam ta fara ƙara. Ta duba sunan mai kira, tocilar ta suɓuce mata.