Adireshin Ƙarfe Shida

Marijke ta danna ƙararrawar gidan. Bakwai saura kwata na safe, ga ruwa yana tsatsafi a garin Valkenburg, amma ita zufa take yi.

Tun daga Utrecht ta tuƙo, maganar Femke tana cin ta a rai.

Femke ce mai yi wa ’yan ƙungiyar su Sjoerd, saurayin Marijke, tausa bayan tseren keke, kuma kowa ya san ta daɗe da ƙyasa shi. Ita ta ja Marijke gefe ta ce ta duba adireshin da Sjoerd yake bai wa masu gwajin jini, masu farautar masu shan ƙwayar ƙara kuzari. Ɗan tseren keke ai ba ya ɓuya: kullum sai ya rubuta inda za a same shi na awa ɗaya. A rasa shi sau uku a shekara, a dakatar da shi. Sjoerd kuwa an riga an rasa shi sau biyu, shi ya sa ya bai wa Marijke lambar sirrin manhajar da yake rubuta adireshin don ta riƙa tuna masa.

Ta duba. Sati uku cur, ƙarfe shida zuwa bakwai, gidan wata Annelies!

Da ta tambaye shi, sai ya sosa ƙeya ya ce atisayen hawan tudu ne. Atisaye a gidan mace? Dama mahaifiyarta ta sha faɗa mata mutumin da ke kwana ɗari biyu a otal ba miji ba ne. Jiya da yamma zuciya ta ɗebe ta, ta goge adireshin ta mayar da na ɗakinsu na Utrecht, wai ya san gidan da ya kamata ya kwana.

Ƙofa ta buɗe. Wata tsohuwa ce da sanda, furfura fal kanta.

“Ke ce Marijke? Ni ce Annelies. Kai, yarinya, kin ɓata masa shiri...”

Sai ga Sjoerd yana saukowa daga bene, fenti har a gira. Saman gidan ya kama musu haya, shi da Marijke. Da safe ya hau tudu, da yamma ya goge katako, yana so ranar haihuwarta ya miƙa mata makulli tare da zobe.

“Masoyiyata, me ya kawo ki?”

Kunya ta rufe ta, daɗi ya cika ta, har ta manta abin da ta aikata. Ta faɗa jikinsa tana kuka.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, fuskarsa tana sauyawa. Mai gwajin jini ne, yana tsaye a ƙofar ɗakinsu na Utrecht, awar ta kusa cika, ya buga har ya gaji. Tafiyar awa biyu ce, ko tashi sama zai yi ba zai kai ba. Karo na uku ke nan da aka rasa shi.

“Ni nan na rubuta...” ya ce a hankali, sannan ya dube ta.

“Ni ce, Sjoerd. Na zaci...”

“Na san abin da kika zata.”

Bai yi faɗa ba, wallahi da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Shekara goma yana ɗauko wa manyan ƙungiya gorunan ruwa, bana ne kaɗai aka ce shi zai ja gaba a tseren bazara.

Ta rantse za ta je gaban kwamitin da zai yanke masa hukunci ta faɗi gaskiya. Ya ce ta je, ƙila su saurare ta.

Sai ya buɗe wayar a gabanta. Lambar sirrin dama ranar haihuwarta ce. Ya goge, ya juya mata baya kafin ya rubuta sabuwa.