Saƙon da Bai Bi ta Akwatin Baba Ba

Ranar Lahadi, naman rago da kabeji na tururi a kan teburi, Oddvar ya ajiye cokali ya dubi 'yarsa.

"Sunniva, ki daina ɓata ƙuruciyarki a kan Eskil. Tun da na kore shi ya koma arewa, ko gaisuwa bai aiko miki ba!"

"Ya aka yi ka sani, Baba?"

Mahaifiyarta ta sunkuyar da kai. Waya da imel na kowa a gidan da sunan kamfanin ƙera kwalekwale na Oddvar aka buɗe su, makullinsu kuwa yana hannunsa. Laifin Eskil ɗaya ne: ma'aikacin Oddvar ne, ya ce yana son 'yar maigida.

"Dubawa nake, haƙƙina ne," in ji Oddvar. "Akwatin saƙonki wayam!"

Zuciyar Sunniva ta tafasa. Ta daɗe tana haɗiye wannan cin fuska, amma yau tura ta kai bango. Ta jawo kwamfutar ɗakin cin abinci, ta buɗe wani shafi da ba ya tambayar suna balle adireshi, ta buga kalmomin sirri.

"Kakar Eskil ke raɗa mini kalmomin nan duk Laraba a wurin koyon waƙar coci. Tsohuwar da kake wuce wa ba gaisuwa, ita ce gidan wayarmu. Duba!"

Hotuna suka bayyana: ƙaramin gidan katako da Eskil ke gina musu a bakin teku, daga harsashi har rufi, kowane mako da nasa.

"Ni na zaɓi tagogin, shi ya sassaƙa. Ban gudu ba, Baba, ban yi maka ƙarya ba. Jira nake ka tambaye ni da bakinka, kai kuwa ka gwammace leƙe!"

Hawaye suka zubo mata, amma ba ta sauke ido ba.

Oddvar ya matso da fuskarsa, ya daɗe yana ƙare wa haɗin katakon ƙofar kallo. Irin haɗin da ya koya wa yaron ne, ba ƙusa ko ɗaya.

"Ɗan banza," ya ce, "har ya fi ni."

"Oddvar, ka ji kunya dai!" in ji matarsa.

Ya tura wa Sunniva wayarsa. "Kira shi. Ce masa ya dawo gida, akwai sauran nama."

Da bazara aka ɗaura auren. Uban da ya tsare kowace ƙofa, tsoron yi masa magana kawai yake koya wa 'ya'yansa. Abin da leƙe bai gano ba, tambaya ɗaya ta isa ta fito da shi.