Labarin da Bahijja Ta Karanta

Inna Mu'minat na zaune a tsakar gidansu da ke Roni tana tsince shinkafa, 'yarta Bahijja na gefe tana ninke mayafan da za ta koma da su Kano. Shekara uku ke nan Bahijja tana karanta labaran ƙarfe bakwai a wani gidan talabijin, har ta kai mutanen Roni da Gwiwa ba sa cewa za su kalli labarai, sai dai su ce, "Mu je mu ji me Bahijja za ta ce." Saura wata biyu a ɗaura mata aure da Nuruddeen, likitan dabbobi, ɗan Alhaji Muhammadu Lawal na Babura.

Sallamar Gwaggo Ma'u, ƙanwar Alhaji, ita ta katse musu hira. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta kalla ba.

"Wurinki na zo, 'yata," in ji ta. "Takin ƙungiyar manoma ya yi ɓatan dabo a sito, buhu ɗari biyu. Kin san Yaya ne shugaba. Jiya manoma suka yi gangami a ƙofar gidanmu, wakilinku ya ɗauke su a kamara. An ce ranar Litinin za a nuna. Ki hana!"

Bahijja ta sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ba ni ke zaɓar labari ba, aikin edita ne. Abin da zan iya shi ne in tabbatar an ji ta bakin Baba, ya faɗi nasa."

"Ya faɗi nasa? A tsayar da dattijo gaban kamara kamar ɓarawon akuya? Haba Bahijja! Gidan da za ki shiga ne fa!"

"Na sani, Gwaggo. Ki yi haƙuri."

Gwaggo ta miƙe tana karkaɗe mayafi. "Shi ke nan. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Bayan fitarta Bahijja ta faɗa jikin mahaifiyarta tana kuka. Inna ta bar ta sai da ta yi mai isarta, sannan ta ce, "Ubanki, Allah Ya jiƙansa, shekara nawa ya yi yana bin layin taki ya dawo hannu biyu? Waɗancan manoman ma iyayen wasu ne. Kada ki ƙara, kada ki rage. Sauran ki bar wa Allah."

Ranar Litinin da hantsi ta shiga ofishin editansu, Malam Ɗayyabu, ta gaya masa alaƙarta da mutumin da ake zargi.

"Sori, Bahijja," ya ce yana cire tabarau. "In kina so ki huta yau, sai in sa wani ya karanta. Babu mai ganin laifinki."

Ta auna maganar a ranta. Duk Babura an san wanda za ta aura. In aka nemi fuskarta yau aka rasa, cewa za a yi ta gudu don ta san abin gaskiya ne, ko kuma gidan talabijin na rufa wa surukinta asiri.

"Zan karanta, Malam. Amma a sake kiran Baba."

Sau huɗu ana kira, Alhaji bai ɗauka ba.

Ƙarfe bakwai jar fitilar kamara ta kama. Bahijja ta yi sallama da muryarta da aka sani, mai sanyi, wadda ba ta gaggawa. Ta karanta koken manoma, ta faɗi sunan ƙungiya da na shugabanta, ta ce zargi ne, 'yan sanda na bincike, ta kuma ce an nemi jin ta bakinsa ba a same shi ba. Ko harafi ɗaya muryarta ba ta karye ba. Sai da fitilar ta mutu ta kifa kai ta fashe da kuka, har mai kamara ya juya mata baya don tausayi.

Kwana biyu tsakani saƙo ya iso Roni daga Babura: a dakatar da maganar aure.

Ranar Asabar Nuruddeen ya zo ya same ta a Roni. Suka zauna a zaure. Ya rame, idonsa ya yi ja.

"Ina zaune kusa da Baba aka nuna," ya ce. "Da kika ambaci sunansa ji na yi kamar an soka min wuƙa. Tun ranar ko masallacin unguwa ba ya fita, a gida yake salla."

"Yaya Nuru, ka tsane ni ko?"

"In tsane ki? Na kwana ina neman ƙarya ɗaya a cikin abin da kika faɗa don in samu abin riƙewa, wallahi ban samu ba." Ya share ido da bayan hannu. "Ba zan saɓa wa Baba ba, Bahijja. Amma ba zan kalli wata ba. Za ki iya jira?"

"Ko shekara nawa ne."

Jiran bai zo da sauƙi ba. Saƙonnin zagi suka cika mata waya: mara kunya, mai sayar da suruki don suna. Wata ƙawarta ta ce ta rufe layin kawai, Bahijja ta ce a'a, layin da manoma ke kiranta ne. A bikin wata 'yar uwa a Kazaure, mata suka riƙa nuna ta da baki har ta kasa cin abinci. Gwaggo Ma'u kuwa har hotunan 'yan mata uku ta kai wa Nuruddeen, shi kuma kullum amsarsa ɗaya cikin ladabi: "Gwaggo, a ƙara min lokaci." Duk da haka, kowace yamma Bahijja na kan kujerarta, fuska a sake, tana karanta labarin ambaliya da farashin gero kamar babu abin da ke cin ta. Abu ɗaya ta riƙe: duk mako sai ta kira wakilinsu ta tambaye shi ina aka kwana a binciken taki, don kada labarin ya mutu da zargi a wuyan mutum.

A wata na huɗu, bayan an yi girbi, gaskiya ta fito. Mai gadin sito ne ya haɗa baki da wani direba suka tsallaka da takin iyaka, suka sayar da shi da kuɗin sefa. Dukansu sun amsa laifinsu. A ranar Bahijja ta karanta labarin da irin muryar da ta karanta na farko, ba ta ƙara ko murmushi ba.

Washegari Malam Hamma, manomin da ya jagoranci gangamin, ya zo ƙofar gidan Alhaji da mutane sun fi talatin. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ka yafe mana, mun zalunce ka. Wallahi da wani ne ya faɗa, da cewa za mu yi manya sun sayi shari'a. Amma yarinyar da ta karanta sunanka a duniya alhali aurenta na hannunka, wannan ba za ta yi mana ƙarya ba."

Alhaji ya sallame su. Da mutane suka watse ya kira ɗansa.

"Nuruddeen, ɗauko mota. Roni za mu."

Alhaji da kansa ya yi sallama a gidan su Bahijja. Bayan sun gaisa da kawunta Daudu, ya ce a kira masa Bahijja, wadda ta zo gida hutun ƙarshen mako. Ta shigo ta durƙusa nesa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"'Yata, matso. Sau huɗu kika sa aka kira ni, girman kai ya hana ni ɗauka. Na so ki ɓoye ni, ashe da kin ɓoye ni da har in mutu ana nuna ni da yatsa. Ki yafe wa tsoho."

"Baba, ni ce mai neman gafara," ta ce, hawaye na zuba. "Na san na sa ka baƙin ciki."

"Allah Ya yi miki albarka. Kuma aikin nan kada ki bari. In kin tare, sai Nuruddeen ya nemi canjin wurin aiki ya bi ki Kano."

Nuruddeen da ke bakin ƙofa ya yi saurin cewa, "Na amince, Baba!" Har Kawu Daudu sai da ya yi dariya.

Bayan mako uku aka ɗaura aure a Roni, motoci tun daga Babura har Gwiwa. Gwaggo Ma'u ce ta riƙe hannun amarya zuwa ɗakinta, tana guɗa tana cewa duk wanda ya taɓa 'yarta ya taɓa ta.

Haka lamarin yake, 'yan uwa. Gaskiya takan yi ɗaci a farko, takan ma raba ka da masoyi na ɗan lokaci, amma duk wanda ya riƙe amanar aikinsa ya haɗa da haƙuri da ladabi ga manya, ba zai taɓe ba. Mahaƙurci mawadaci.