Ƙararrawar Tsohon Jirgin Fito

Ranar Litinin da safe aka kai wa Sufeto Halvard Tveit rahoto cewa an sace ƙararrawar tsohon jirgin fito, wanda ake shirin miƙa wa masu yanka ƙarfe. Tun da aka gina gada jirgin yake ɗaure yana cin tsatsa. Abin ya sosa ran Halvard, don a cikinsa ya yi ta haye ruwa zuwa makaranta, yana ɗumama hannu a jikin bututun hayaƙi.

Maigadin tashar ya rantse ko nan da can bai gusa ba ranar Lahadi. Halvard ya zuba masa ido kawai, har maigadin ya sosa ƙeya ya ce to, ya ɗan leƙa gidan yayarsa cin abincin rana. Duk garin an san da wannan leƙen.

A cikin jirgin ba a fasa komai ba. An kwance notuna a tsanake, an jera su gefe guda, har da ɗigon mai. Ɓarawon da ke tausayin noti ai ɗan gida ne.

A shagon gahawa hira ta kawo cewa jiya da safe ba a ga Kyaftin Eilif ba. Shi ya tuƙa jirgin har ya yi ritaya, ciwon baya kuma ya naɗe shi shekara da shekaru. Kowa ya san tsarinsa: ya sha magani da asuba, ya sami sararin hantsi ya tako shago, da rana ciwo ya mayar da shi kujera sai an sha na yamma. Halvard ya so a ce bai ji wannan hira ba.

Da ya je gidan Kyaftin, Gunvor, 'yar tsohon, ta tare shi a ƙofa. Ya tambaye ta ko mahaifinta ya fita jiya da rana.

"Baba? Da rana? Ko takalmi ba ya iya ɗaurawa a lokacin."

"Ya sha na safe jiya?"

"Kamar kullum."

"To me ya hana shi fita?"

Idonta ya ciko.

"Bar shi ya shigo," in ji tsohon daga ciki. "Ɗan Ragnhild, kai da kake cika mini jirgi da amai, yau kai ne mai bincikena?"

Eilif bai wahalar da shi ba. Ya ce ƙin shan na safen ya yi, ya kwanta yana cizon matashi har rana ta take, sannan ya haɗiye shi, don sauƙin ya faɗo daidai lokacin da maigadi ke gaban akushi. Tsarin duk ya rikice, har yanzu jikinsa bai yafe masa ba. Ya ɗaga bargo, ga ƙararrawa an goge ta fes.

"Narkar da ita za su yi, Halvard. Ita ta tashi garin nan tun ba a haife ka ba."

Halvard ya gaya masa a hankali cewa dole su je ofis. Tsohon ya yunƙura, ya koma zaune, gumi ya karyo masa. Gunvor ta ce bai jima da sha ba, maganin bai kama shi ba tukuna.

Sufeton ya cire hula, ya jawo kujera.

"Ba sauri muke ba, Kyaftin. Sau nawa ka riƙe mini jirgi in na makara?"

Suka jira har maganin ya ratsa tsohon. Sannan Halvard ya miƙa masa hannu, suka fita.