Garin Ƙarfe a Tafin Baƙo

Shekara talatin da ɗaya na yi a matatar da ke mayar da kwal man fetur a Secunda. Ƙa'idar da na gada daga Oom Gawie, malamina, ita ce sai garin ƙarfe ya sha gas ya yi baƙi kafin babbar tukunyar matatar ta ba da mai. Wani dare ma'auni ya nuna garin bai sha ba. Na kai hannu zan ƙara wuta, don kada a ce a hannuna, ni Mofokeng, tukunya ta mutu.

"Ntate, girman kanka zai kashe mutum tara," in ji wani a bayana, yana kirana Baba da yarenmu. "Garin ya ƙoshi tun jiya. Ma'auninka ke ƙarya."

Na waiwaya. Yuli ne, tsakiyar hunturu a ƙasar nan. Bakina na hayaƙi, nasa ba ya yi.

"Bawan Allah, a gidan nan ba a karɓar magana sai da shaida," na ce.

Ya buɗe tafinsa. Baƙin garin ne, wanda iska na taɓa shi yake kamawa da wuta. Ya kama kuwa, ya yi jajir. Mutumin bai ko motsa yatsa ba, kuma ban ji ƙaurin fata ba.

Na janye hannuna a hankali.